Akori-kura ta dala 100,000: yadda motar aiki ta koma motar masu hannu da shuni a Amurka

A wajenmu, in aka ce akori-kura, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne tsohuwar Fijo 404 ko 504 da aka lafta wa buhuna har gindinta na neman shafar ƙasa, yaron mota na maƙale a baya. In an ɗaga daraja a ce Hilux, motar 'yan kwangila da jami'an tsaro da ayarin gwamna. A Amurka kuwa akwai wani jinsi na wannan mota da ya wuce duk wannan lissafi. Tsawonta ya doshi mita bakwai, wata tayoyinta shida ne, tana jan tirela mai nauyin tan goma sha wani abu. Amma da ka buɗe ƙofa sai matakala ta zuro da kanta, kujerar fata ta yi maka tausa, ta hura maka sanyi a gadon baya lokacin zafi, ta ɗumama ka lokacin hunturu. Wadda aka ƙawata ta ƙarshe kuɗinta na kaiwa dala 100,000, har ya ɗara. Mai ita kan ja injin haƙa zuwa wurin gini da safe, da yamma ya biya makaranta ya kwaso yara.

Kamfanoni uku ne suka raba wannan kasuwa a tsakaninsu. Ford na da Super Duty, wato F-250 da F-350 da F-450, waɗanda ya ware daga ƙaramar F-150 tun 1998. General Motors na da Chevrolet Silverado HD da 'yar'uwarta GMC Sierra HD. Sai Ram 2500 da 3500, da a da ake kira Dodge Ram. Toyota, duk da sunan da ya yi a duniya, bai taɓa shiga wannan aji ba, Tundra ɗinsa a ajin F-150 take. Nissan ya gwada da Titan XD, kasuwa ta ƙi, ya nannaɗe tabarmarsa a 2024.

Wanda ke son ya gane motar nan, ya bi nauyi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da kamfani ya manna, an rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai in an haɗa ita kanta da mai da mutane da kaya. Wannan lamba ce ke yanke ajin mota a dokar Amurka, ita ke yanke harajinta, da dokar shan man da ta hau kanta, da irin lasisin da direbanta ke bukata. Manyan akori-kurar da muke magana sun fara ne daga sama da fam 8,500, kimanin kilo 3,850, su tsaya a fam 14,000, kimanin kilo 6,350. Kusan duk wani abin mamaki game da su, har da kayan alatun, yana da alaƙa da waɗannan lambobi.

Ta fuskar ƙarfi dai ba ƙarya. Injin dizal na Ford mai lita 6.7, samfurin da ya fito a 2023, yana ba da ƙarfin doki 500, ƙarfin murɗarsa kuma, wanda shi ne ke tayar da kaya daga tsaye, ya ninka na Hilux mai lita 2.8 fiye da sau uku. Ram na amfani da injin Cummins tun 1989, kuma akwai mutanen da ba motar suke saye ba, injin suke saye. General Motors na da Duramax tun 2001, wanda ya faro da haɗin gwiwar Isuzu na Japan. Ford ya ce F-450 ɗinsa na jan fam 40,000, wato tan 18 da ɗoriya. In da siminti ne, buhu 360 ke nan, har da nauyin tirelar. Sauran biyun suna wajen fam 36,000. Hilux, in ta yi ƙoƙari, tan uku da rabi take ja.

A da kowane kamfani bakinsa ne ma'auninsa, ya faɗi lambar da ya ga dama. Daga wajen 2015 suka amince da gwaji guda. Cikin sharuɗɗansa akwai hawan wata doguwar gangara kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kilomita 18 ana ta hawa, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a ƙure, tirela a baya, kuma ba a yarda inji ya tafasa ko gudu ya sauka ƙasa da yadda aka ƙayyade ba. Motar da ta haye wannan ba abin rainawa ba ce.

To su wa ke bukatar wannan ƙarfi? Akwai su, kuma suna da yawa. Makiyayin Texas ko Montana da ke kai shanu kasuwa a doguwar tirela, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ɗan kwangilar gini da ke jan ƙaramin injin haƙa daga wannan aiki zuwa wancan. Masu walda da ke bin layukan bututun mai da injin walda a ɗaure a bodi. Akwai kuma wata sana'a guda ta masu kai saƙon gaggawa: mutum ɗaya da motarsa da tirela mai tsawon mita 12, a kira shi da tsakar dare a ce wani ƙarfe ya karye a rijiyar mai a yammacin Texas, ya ɗauko sabo ya kai kafin gari ya waye, don jiran babbar tirela asara ce. Sai kuma aji na daban, tsofaffin da suka yi ritaya suka sayi gida mai taya, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki, su ja shi zuwa Arizona ko Florida idan sanyi ya kankama a arewa. A 2021 kaɗai masana'antun irin waɗannan gidajen tafi-da-gidanka, waɗanda akasarinsu ke yankin Elkhart a Indiana, sun fitar da sama da 600,000. Manya daga ciki ba abin da ke jan su sai irin wannan mota.

Ga mutumin da ke yin awa takwas ko goma a bayan sitiyari, kujera mai kyau ba almubazzaranci ba ce. Motar ce ofishinsa, a ciki yake cin abinci, a ciki yake rubuta rasit, wani lokaci a ciki yake kwana. Kuma rabin abin da ake kira alatu kayan aiki ne da aka yi wa ado. Akwai kyamarori da ke haɗa hoto ta yadda direba zai ga bayan tirelarsa a allo kamar ba ta nan. Akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa wajen yin baya da tirela, motar ta riƙa juya sitiyari da kanta, abin da kan ɗauki sabon direba watanni kafin hannunsa ya faɗa. Akwai sikeli a jikin motar da ke nuna nauyin da aka loda. Akwai birkin inji da ke riƙe tan goma a gangara ba tare da an ƙona birkin taya ba. Waɗannan in ka tambaye ni, sun ci kuɗinsu. Itacen goro da aka liƙa a gaban mota da lasifika goma sha bakwai kuwa, wannan wata magana ce.

Da can ba haka motar take ba. Kujera ce dogon benci guda, ƙasa roba, in ta yi datti a watsa mata ruwa. Mai ƙofa huɗu, wadda International Harvester ya fara gwada irinta a 1957, ta kamfanonin jirgin ƙasa ce da masu aikin layin wuta, don kwasar leburori. Mutum kan ajiye akori-kura don aiki, ya ajiye wata motar don iyali. Abin ya juya ne a farkon shekarun 2000, lokacin da ƙofa huɗu da cikakkiyar kujerar baya suka zama ruwan dare, mota ɗaya ta fara yin aikin biyu. A 2001 Ford ya ɗauko sunan King Ranch, wata makekiyar gonar kiwo a kudancin Texas da Richard King ya kafa a 1853, mai faɗin eka 825,000, ya ɗora a kan akori-kura, da kujerun fata irin ta sirdi da tambarin da gonar ke ɗana wa shanunta. Mutane suka yi rububi. GMC ya kawo sunan Denali cikin manyan motocinsa a 2011, Ram ya fito da Longhorn.

Wani abu da ya faru a 2002 ya nuna irin alatun da masu saye ke so. Lincoln, reshen Ford mai ƙera motocin ƙasaita, ya fito da Blackwood: akori-kura baƙa wuluk, an shimfiɗa wa bodinta kafet, an yi masa murfi mai buɗewa da lantarki. Ba ta shiga laka, ba a zuba mata yashi. Shekara guda ta yi a kasuwar Amurka aka daina. Ba'amurke na son tausa a kujera, amma yana son ya san cewa in ta kama, motar za ta ja. Ko da kuwa ba za ta taɓa kamawa ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Son rai kaɗai bai isa ya bayyana yadda motar ta yi wannan girma da tsada ba, akwai hannun doka, kuma labarin ya faro ne daga kaji. A farkon shekarun 1960 kajin Amurka masu araha suka cika kasuwannin Turai, Faransa da Jamus ta Yamma suka ƙaƙaba musu haraji don kare manomansu. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan wasu kayayyaki huɗu, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, wanda ya fara aiki a 1964. Volkswagen aka nufa. An daɗe da manta rigimar kajin, an cire harajin daga sauran kayan, amma na motoci yana nan. Kafin 2025 motar fasinja tana biyan kashi biyu da rabi ne a al'ada, ta kaya kashi 25. Kamfanoni sun yi ta dabaru: Subaru ya taɓa dasa kujerun roba biyu a bodin wata 'yar akori-kurarsa don kwastan su lissafa ta a motar fasinja. Amma a dunƙule, harajin ya zama katanga. Shi ya sa duk wanda ke son sayar da akori-kura a Amurka sai ya ƙera ta a can, ko a Kanada da Meziko da yarjejeniyoyin ciniki suka buɗe wa ƙofa. Manyan Ram a Saltillo ta Meziko ake haɗa su, Toyota kuma ya gina masana'anta a San Antonio. A bayan wannan katanga kamfanonin Amurkan nan uku suka shekara sittin ba mai karya musu farashin manyan akori-kura da mota mai araha daga waje.

Na biyu dokar shan mai. Bayan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973, majalisar Amurka ta yi doka a 1975 da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. An sassauta wa motocin kaya, da hujjar cewa na manoma ne da 'yan kasuwa. Harajin da aka sa wa motoci masu zuƙar mai a 1978 ma bai shafe su ba. Waɗanda suka haura fam 8,500 kuwa ba a ma tilasta a manna musu takardar da ke nuna nawa suke sha. Mutum zai shiga shago ya ga an rubuta wa kowace ƙaramar mota shan manta ɓaro-ɓaro a gilashi, ya zo kan wadda ta fi su duka sha, ya tarar ba komai. Sai a 2014 aka fara ɗora musu nasu ma'aunin, shi ma an ɗaure shi ne da yawan abin da mota ke iya ɗauka da ja: gwargwadon ƙarfinki, gwargwadon sassaucin da za a yi miki. Da irin wannan tsari ba mamaki in kowace shekara lambar ja na hawa.

Na uku, wanda ya fi taɓa maganar alatu kai tsaye, shi ne harajin kuɗin shiga. Ɗan kasuwan da ya sayi abin aiki yana da damar cire kuɗinsa daga ribar da za a yanka masa haraji a kai. Don kada attajirai su riƙa sayen motocin ƙawa da sunan kasuwanci, an sa iyaka: ƙaramar mota, komai tsadarta, abin da za a cire a shekarar farko bai wuce wajen dala 20,000 ba. Amma motar da iyakar nauyinta ta haura fam 6,000 ta kuɓuta daga wannan. In kuma akori-kura ce mai bodin da ya kai ƙafa shida, ta kuɓuta daga wata iyakar ta biyu da aka sa wa manyan jif-jif. Duk manyan akori-kura bodinsu ya wuce ƙafa shida. Sharaɗin kawai shi ne fiye da rabin amfaninta ya zama na sana'a. Saboda haka mai kamfanin aikin famfo da ya samu shekara mai kyau, in ya sayi Marsandi ta dala 90,000 kaɗan zai cire, in ya sayi F-350 ta dala 90,000 yana iya cire kuɗin gaba ɗaya a shekara guda. Ba kyauta aka ba shi motar ba, harajin da zai biya ne ya ragu da dubban daloli. Duk watan Disamba dillalai na tallata wannan a fili. Doka ba ta tambayi ko kujerar roba ce ko ta fata ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne nan. Lambar da ake bugawa a talla, fam 40,000 ɗin nan, ba ta motar alatu ba ce. Ta wadda aka tuɓe ce: ƙofa biyu, tayoyi huɗu a baya, ba wani tarkace, mutum biyu marasa jiki a ciki. Tunda iyakar nauyin mota a ƙayyade take, duk abin da aka ƙara mata daga rabon kaya ake cire shi. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo, ban da kusan dala 10,000 ko fiye da yake ƙarawa a farashi. Ƙofa huɗu nauyi ne. Giyar da ke juya tayoyi huɗu nauyi ce. Rufin gilashi, matakalar lantarki, injinan da ke cikin kujeru, manyan ƙafafu masu ƙyalli, duk nauyi ne.

Mu buga misali. A ce an rubuta wa mota iyakar fam 10,000, wato kilo 4,536. Irin wannan lamba ruwan dare ce a ajin F-250 da Ram 2500, don daga fam 10,001 motar kasuwanci mai tsallaka jihohi ke faɗawa ƙarƙashin dokokin tarayya na manyan motoci, har kamfani kan sayar da mota da takardar da aka rage wa lamba ga wanda ya nema. A ce ita motar, da dizal da ƙofa huɗu da duk kayan ƙawa da tanki cike, ta kai kilo 3,600. Saura 936. Wato abin da za ta ɗauka a bisa doka bai wuce na Hilux ba. Miji da mata da yara uku da jakunkuna, a ce 350. Ƙugiyar da ake dasawa a tsakiyar bodi, daidai saman tayoyin baya, don ɗaura babbar tirela, a ce 80. Saura 500 da 'yan kai. Ita kuwa irin wannan tirela kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta a kan motar yake sauka. Gidan tafi-da-gidanka mai kilo 5,500 zai danna wa bodi kilo 1,100. An zarce iyaka da kusan kilo 600, alhali injin bai ma san an ɗaura masa komai ba, kuma takardar talla ta ce motar na jan fiye da haka nesa ba kusa ba. Mutane da dama sai bayan sun biya kuɗin mota da na tirela, sun hau sikelin manyan motoci a gidan mai, suke gane cewa F-350 ya kamata su saya, ko kuma su haƙura da rufin gilashi. Dillali ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya, amsar kuma tana jikin wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a ƙofar direba.

Akwai wata lambar kuma, fam 26,000. In mota da tirela suka haura haka a aikin kasuwanci, sai da lasisin direban babbar mota. Amma a jihohi da yawa in don yawon shaƙatawa ne, lasisin ƙaramar mota ya wadatar. Dattijo mai shekara saba'in da bai taɓa jan ko amalanke ba yana iya fitowa daga shagon dillali da abin da ya doshi tsawon tirelar Dangote, ya hau babbar hanya.

Maganar iyali fa? Kujerar baya dai falo ce, manya uku za su zauna su miƙe ƙafa, kujerun jarirai uku na shiga a jere. Iyakar daɗin ke nan. An ƙera sifirin ɗin baya don ya ɗauki tan ɗaya ko biyu, iskar tayoyin ta ninka ta ƙaramar mota, saboda haka in ba kaya motar tsalle take yi a kan kowane ɗan rami. Ram ya yi ƙoƙarin rage wannan da sifirin mai murɗe a 2500 ɗinsa tun 2014, da kuma balan-balan na iska, amma ba a canza wa tuwo suna. Mai ƙofa huɗu da dogon bodi ta kai mita 6.7, ba ta shiga garejin gidaje da yawa, mai tayoyi huɗu a baya faɗinta ya kusa mita biyu da rabi. Wajen ajiye mota a kanti sai a can ƙarshen fili. Shi kuma injin dizal na zamani ba ya son gajeriyar tafiya. Yana da matata a salansa da ke tara baƙin hayaƙi, sai an yi doguwar tafiya inji ya yi zafi sosai take ƙone abin da ta tara. Motar da aikinta kai yara makaranta da dawowa, matatar toshewa take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne gaban motar. Murfin injin wasunsu ya kai mita 1.4 daga ƙasa, daidai ƙirjin babban mutum, a miƙe kamar bango. Yaro ɗan shekara biyar in ya tsaya a gabanta direba ba ya ganin ko gashin kansa, kuma irin wannan hatsari a ƙofar gida yake faruwa, mai tuƙin sau da yawa uba ne ko uwa. A 2023 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da nazarin da ya nuna cewa motar da gabanta ya haura mita ɗaya ta fi mai gajeren gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ƙaramar mota ƙafa take duka, mutum ya faɗo a kan murfi. Doguwa ƙirji da kai take duka, ta tura mutum ƙarƙashinta. Masu tafiya a ƙasa da mota ke kashewa a Amurka sun tashi daga wajen 4,100 a 2009 zuwa sama da 7,500 a 2022. Ba girman mota kaɗai ya jawo ba, akwai waya a hannu da gudu da titunan da ba a yi su don ƙafa ba, amma yana ciki. Wani ɓangare na tsayin nan dole ne, don injin da ke jan tan 18 na bukatar makeken lagireto. Wani ɓangaren kuwa ado ne, masu zanen motocin ba sa ɓoye cewa so suke ta yi kwarjini. Gwajin karo da gwamnati ke yi wa motoci tana ba su taurari kuma a fam 10,000 ya tsaya, manyan cikinsu ba sa shiga.

Wani kamfanin binciken kasuwa, Strategic Vision, ya taɓa gano cewa kashi uku cikin huɗu na masu akori-kura a Amurka ba sa jan tirela fiye da sau ɗaya a shekara, in ma sun ja. Wannan ya haɗa da ƙananan, kuma masu ƙera manyan na cewa nasu masu sayen galibi suna ja. Na yarda. Amma ja sau biyu a shekara zuwa bakin tafki daban, ja kullum daban. Na farkon yana biyan bashin wata 72 ko 84, da inshora da taya da man da masu motocin kansu ke cewa lita ɗaya ba ta wuce kilomita shida zuwa bakwai in ba kaya, huɗu in da kaya, don abin da hayar mota ta mako guda za ta yi masa.

Hayaƙin dizal ma ya zama rigima mai zaman kanta. Ban da matatar, motocin na shan wani ruwan sinadari, irin wanda ake sayarwa da sunan AdBlue, da ake fesawa cikin salansa don kashe guba. In ya ƙare kwamfutar motar na rage mata gudu. Masu motoci da yawa kan kai a cire musu kayan gaba ɗaya, abin da doka ta haramta. Su kansu kamfanonin ba su tsira ba. A Disamba 2023 Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675, mafi girma da aka taɓa yanka a ƙarƙashin dokar tsabtar iska ta Amurka, kan zargin sa manhajar kauce wa gwaji a injinan Ram 2500 da 3500 kimanin 630,000 na shekarun 2013 zuwa 2019. Kamfanin ya biya, bai amsa laifi ba.

Nan ne maganar ta shafi wanda ke sha'awar shigo da ita Kano ko Abuja ko Yamai. Sitiyari dai ba matsala, hannu ɗaya muke tuƙi da Amurka, Najeriya ta koma hannun dama tun 1972. Matsalar mai ce. An ƙera injinan nan don dizal da sinadarin ƙibiritu a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ma'aunin da ECOWAS ta amince da shi a 2020 kashi 50 ne, kuma an shekara da shekaru a Najeriya ana sayar da mai kashi 3,000. Ga wanda ake gauraya wa kalanzir, ga na jarka mai ruwa a gindi. Famfon man irin wannan inji ba ya yafiya, in ya ci ruwa ko datti sai ya niƙe kansa ya watsa garin ƙarfe cikin layin mai gaba ɗaya, gyara ya koma miliyoyi. Tankin babbar ya haura lita 180, in an ɗauka lita naira 1,000 ce, cikawa ɗaya 180,000. Kayan gyaran Hilux kuwa ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka fito da su a leda, na wannan sai an yi oda an jira jirgi, sannan a nemo bakaniken da ke da kwamfutar karanta ta. Wanda ya nace, mai injin fetur ta fi masa kwanciyar hankali. Kuma dogayen tirelolin da aka yi motar dominsu ba mu da su, kayanmu a bodi muke lodawa, aikin da Kanta ke yi da rabin kuɗin.

Su kamfanonin ba su da niyyar sassautawa, don nan ne tukunyarsu take. Ƙarfen mota mai dala 50,000 da na mai dala 100,000 kusan ɗaya ne, shasi ɗaya, layin haɗawa ɗaya, bambancin fata ne da allo da waya, ribar kuma a nan take. Ford ya daina sayar da ƙananan motoci masu but a Amurka tun 2020, Mustang kaɗai ya bari. A Oktoba 2023, da ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta so ta matsa wa kamfanin a yajin aiki, masana'antar Louisville ta jihar Kentucky ta rufe, inda ake haɗa Super Duty, ma'aikata 8,700 suka fita, Ford da bakinsa ya ce wurin na kawo masa dala biliyan 25 a shekara. Cikin mako biyu aka daidaita.

Lantarki bai samu shiga wannan aji ba tukuna, dalilin kuma nauyi ne. Batirin da zai ja tan goma tafiyar yini zai cinye rabon kayan gaba ɗaya, kuma gwaje-gwajen da aka yi da ƙananan akori-kura masu lantarki sun nuna tirela na zaftare rabin nisan da suke zuwa, ko fiye. A Yulin 2024 Ford ya sanar da cewa masana'antarsa ta Oakville a Kanada, wadda ya riga ya ware don manyan motocin iyali masu lantarki, Super Duty za ta koma haɗawa, har guda 100,000 a shekara.